Yadda Ake Kula da Jagorar Girka Debian Kada Ta Tsufa a Hannun Mai Karatu

Jagorar girka Debian, wani nau'in babbar manhajar Linux, da aka rubuta a 2022 za ta ce wa wanda Wi-Fi ɗinsa ya ƙi tashi ya je ya nemo wani faifan girkawa na daban, wanda ba na hukuma ba, saboda shi kaɗai ke ɗauke da manhajojin da katin sadarwa ke buƙata. A lokacin gaskiya ce. Amma tun ranar 10 ga Yuni 2023 da Debian 12 ta fito, faifan hukuma da kansa yake zuwa da su. Wanda ya bi tsohuwar jagorar yau zai ƙona datarsa yana neman abin da aka daina yi, daga ƙarshe ya ce Linux wahala ce. Irin wannan ɓarnar ce ake so a tare. Misalan da ke ƙasa na Debian ne, amma hanyar za ta yi wa kowace babbar manhaja ta kyauta aiki.

Fara da rubuta wa wace siga aka yi jagorar

Layuka uku na farko su faɗi lamba da sunan sigar, misali Debian 13 mai laƙabin trixie, sai cikakken sunan fayil ɗin da aka gwada da shi, sai ranar gwaji na ƙarshe. Ranar gwaji ake nufi, ba ranar da aka gyara waƙafi ba. Shafuka da yawa suna sabunta kwanan wata da kansu duk sa'ad da aka taɓa rubutun, sai jagorar da ba a gwada ba tun shekara uku ta riƙa nuna kwanan makon jiya. Wannan ranar da hannu za ka rubuta ta, kuma kada ka canza ta sai ka sake girkawa daga farko zuwa ƙarshe.

Ka guji kalmomin "sabuwar siga" da "ta yanzu" a cikin jiki. Haka a fayil ɗin ma'ajiyar manhajoji: rubuta `trixie`, kada ka rubuta `stable`. Kalmar `stable` tana bin duk sigar da ke kan gado ne. Ranar da Debian 14, wato forky, ta fito, kwamfutar da aka saita da `stable` za ta fara jawo kayan sabuwar siga a sabuntawa ta yau da kullum, mai ita bai shirya ba, bai adana fayilolinsa ba.

Ware abin da ke saurin lalacewa

Ɗauki jagorar ka bi ta layi-layi, ka ja alama a kan duk abin da zai iya canzawa ba tare da an sanar da kai ba: sunan fayil, girmansa, adireshin saukewa, laƙabin siga, sunayen ƙunshin manhajoji, rubutun da ke kan maɓallan allo, girman yankunan faifai. Bayanin dalilin da ya sa ake adana fayiloli kafin a raba faifai zai yi shekara goma bai motsa ba. Sunan fayil kuwa wata biyu ya yi masa yawa.

Dalili shi ne Debian tana fitar da ƙananan sabuntawa kusan duk bayan wata biyu, lambar ta tashi daga 13.0 zuwa 13.1 zuwa gaba, kuma sunan faifan yana ɗauke da lambar: `debian-13.1.0-amd64-netinst.iso`. Kundin fayilolin `current` da ke cdimage.debian.org sigar ƙarshe kaɗai yake riƙewa, saboda haka adireshin da ya nufi fayil ɗin kai tsaye yana mutuwa da zarar an fitar da ta gaba. Ka tura mai karatu kundin nan, ka ce ya ɗauki wanda sunansa ya ƙare da `amd64-netinst.iso`. Kada kuma ka kwafi lambar tantancewa, wadda ake tabbatar da ingancin faifan da ita, ka manna a jagora. Koya masa ya sauke `SHA256SUMS` da `SHA256SUMS.sign` daga wuri ɗaya da faifan, ya gudanar da `sha256sum -c SHA256SUMS --ignore-missing`, sannan ya duba sa hannun da `gpg --verify SHA256SUMS.sign SHA256SUMS`. Umarnin ba ya tsufa, lambar ce ke tsufa.

Girman fayil ma a riƙa sabunta shi, don mai sayen data da kuɗinsa yana lissafi da shi. Faifan netinst, wato ƙaramin faifan da ke sauko da sauran kaya daga intanet, na Debian 11 bai kai megabait 400 ba, na Debian 13 ya haura 700, kuma wannan kafin a fara sauke tebur, wato fuskar allo mai hotuna, irin GNOME ko Xfce yayin girkawa.

Abin da ya rage na masu canzawa, tara su wuri guda. Idan jagorar tana cikin git, manhajar adana tarihin gyare-gyare, kuma ya kamata a ce tana ciki, ajiye laƙabin siga da lambarta a fayil ɗaya da sauran shafuka ke ɗauka daga gare shi. Jagorar girkawa ta Debian kanta haka take: an rubuta ta da DocBook, tana zaune a salsa.debian.org, sunan siga kuma an ayyana shi sau ɗaya. Idan naka rubutun bai kai wannan girman ba, `grep -rniE 'bookworm|bullseye' .` ya isa ya tono maka inda tsohon suna ya ɓuya.

San lokacin da aiki ke tasowa

Debian tana fitar da babbar siga kusan duk shekara biyu: 11 a Agusta 2021, 12 a Yuni 2023, 13 a ranar 9 ga Agusta 2025. Watanni kafin fitowar ana daskarar da reshen gwaji mataki-mataki, masu kula da manhajar girkawa kuma suna fitar da sigogin share fage masu alamar RC. Da RC na farko ya fito ka buɗe sabon reshe a git ka fara aiki. Wanda ya jira ranar fitowa zai tarar masu karatu sun riga shi sauke sabon faifai, suna bin tsohon bayani. Shiga jerin saƙonnin debian-announce, saƙonninsa kaɗan ne kuma duk masu muhimmanci.

Karanta bayanin fitarwa da jagorarka a gefe

Kowace siga tana zuwa da takardar bayanin fitarwa, a cikinta akwai babin matsalolin da ya kamata a sani. Nan ne rabin aikin yake. Kowane sakin layi ka karanta, tambayi kanka ko akwai jimla a jagorarka da ya ƙaryata. Ga irin abubuwan da suka karya jagorori a 'yan shekarun nan, kuma har yau ana cin karo da su a rubuce.

Layin sabuntawar tsaro ya sauya fasali a Debian 11. A da ana rubuta `buster/updates`, daga nan ya koma `bullseye-security`. Wanda ya canza laƙabin kawai ya bar tsohon fasali ya rubuta adireshin da babu shi, kwamfutar mai karatu kuma ba za ta samu gyaran tsaro ba. Debian 12 ta ƙara sashe na huɗu a ma'ajiya, `non-free-firmware`, bayan ƙuri'ar da masu aikin suka kaɗa a 2022. Jagorar da ta ba da layi mai `main contrib non-free` kaɗai ta bar manhajar katin Wi-Fi da na hoto ba sabuntawa. A wannan sigar kuma aka daina girka rsyslog, mai rubuta rahoton abin da ke faruwa a na'ura, kai tsaye, saboda haka "duba `/var/log/syslog`" zai kai mutum ga fayil ɗin da babu shi, `journalctl` ne madadinsa. Umarnin `pip install` a wajen keɓaɓɓen muhalli ya fara ƙin aiki yana cewa `externally-managed-environment`. GRUB, mai nuna jerin zaɓi yayin tashin kwamfuta, shi ma ya daina neman sauran manhajojin da ke kan faifai da kansa sai an kunna masa os-prober, abin da ya shafi duk wanda ke da Windows a gefe.

Debian 13 ta zo da nata. Babu manhajar girkawa ko zuciyar Linux ta i386, wato na'urori masu 32-bit, saboda haka jimlar nan da aka saba gani, "idan kwamfutarka tsohuwa ce ɗauki faifan 32-bit", ta zama tura mutum inda babu kowa. Mai irin wannan na'urar a gaya masa gaskiya: Debian 12 ce iyakarsa. An cire `apt-key`, don haka duk matakin ƙara ma'ajiyar waje sai an sake rubuta shi da fayil ɗin maɓalli a `/etc/apt/keyrings` da layin `Signed-By`. `/tmp` ya koma cikin ƙwaƙwalwar na'ura, wanda ya sa shawarar "sauke babban fayil ɗin a `/tmp`" ta zama matsala ga kwamfuta mai gigabait 4. Yankin `/boot` kuma ana so ya kai aƙalla megabait 768, teburin rabon faifai da ke cewa 250 ko 500 zai cika bayan 'yan sabuntawa.

Akwai kuma sabon fasalin fayil ɗin ma'ajiya, mai layuka `Types`, `URIs`, `Suites` da `Components`, wanda `apt modernize-sources` ke juyawa zuwa gare shi. A nan a yi hattara. Kafin ka ce wa mai karatu ya ƙirƙiri `/etc/apt/sources.list.d/debian.sources`, duba abin da manhajar girkawa ta riga ta rubuta a `/etc/apt/sources.list`. Idan duka biyun suna ɗauke da ma'ajiya ɗaya, apt, mai sauke manhajoji da sabunta su, zai cika allo da gargaɗin cewa an saita abu sau biyu, sabon shiga kuma zai ɗauka ya lalata wani abu.

Gwaji: bi jagorar kamar ba kai ka rubuta ta ba

Karatun bayani yana nuna inda za ka duba ne kawai, gani ya kori ji. Girka `qemu-system-x86`, `virt-manager` da `ovmf`, masu ba ka kwamfutar gwaji ta kwaikwayo a cikin taka, ka ƙirƙiri faifan gwaji da `qemu-img create -f qcow2 gwaji.qcow2 25G`, ka ba kwamfutar gwajin ƙwaƙwalwa gigabait 2 zuwa 4. Sauke faifan ta adireshin da ke cikin jagorar, ba wanda ke ajiye a kwamfutarka ba.

Ƙa'idar ita ce ka yi abin da aka rubuta, shi kaɗai. Kowane umarni ka kwafe shi daga shafin da aka wallafa ka manna, kada ka buga shi da ka. Hannun wanda ya saba yana gyara kuskure bai sani ba: jagora ta ce `su`, yatsunka su buga `su -`, komai ya tafi daidai a wurinka. Mai karatu kuwa zai buga `su` tsura, kuma tun Debian 10 wannan ba ya saka `/usr/sbin` a hanyar neman umarni, sai `usermod` ya ce masa `command not found`. Kwafi daga shafin yana kuma kama wata cuta: wasu manhajojin wallafa rubutu suna mayar da ɗigon layi biyu na `--ignore-missing` zuwa dogon layi ɗaya, ko su lanƙwasa alamar zance, umarnin ya yi kyau a ido amma ya ƙi aiki.

Duk inda ka tsaya ka yi tunani kafin ka danna, akwai giɓi a jagorar, rubuta shi nan take. Wanda ya fi kama mutane shi ne allon kalmar sirrin root, wato asusun mai cikakken iko. Idan aka bar shi fanko, manhajar girkawa tana girka sudo, mai ba da aron ikon root, ta saka mai amfani na farko a rukuninsa. Idan aka cika shi, ba ta yi. Jagorar da ta ce "saka kalmar sirrin root" a mataki na 6, sannan ta fara umarni da `sudo` a mataki na 14, ta saɓa wa kanta. Zaɓi hanya ɗaya ka bi ta har ƙarshe.

Girkawa ɗaya ba ta isa ba. Mafi ƙaranci a yi huɗu: ɗaya da UEFI, sabon tsarin tashin kwamfuta, ɗaya da tsohon tsarin BIOS, ɗaya da intanet a katse, ɗaya kuma a gefen wata manhaja da ke kan faifan. Ta UEFI tana buƙatar ƙaramin yankin FAT32 da ake ɗaurawa a `/boot/efi`, ta BIOS kuwa tana tambayar faifan da za a saka GRUB, allon da mai UEFI ba zai taɓa gani ba, saboda haka jagora ta faɗi wanda zai ga me. Gwajin rashin intanet shi ake yawan tsallakewa, alhali ga wanda layinsa ke yankewa shi ne ya fi muhimmanci. Idan aka girka netinst ba tare da ma'ajiyar intanet ba, ana ƙarewa da baƙin allo mai jiran umarni, babu tebur, fayil ɗin ma'ajiya kuma ba shi da layin da zai sauko da komai. Jagora mai kyau tana da sakin layin da ke fitar da mutum daga wannan halin, ko ta ce masa tun farko ya ɗauki faifan DVD na ɗaya.

Da girkawa ta kammala, ɗauki hoton yanayin faifan da `qemu-img snapshot -c tsabta gwaji.qcow2` kwamfutar gwajin tana kashe. Matakan bayan girkawa a kan wannan za a riƙa gwada su, a koma masa kafin kowane zagaye. Kwamfutar da ka shekara kana aiki da ita tana da `curl`, `git` da `gpg` tuntuni, ba za ta taɓa nuna maka cewa jagorar ta manta ta ce a girka su ba.

Abin da sai a kan ƙarfe na gaske

Kwamfutar gwaji ba ta da katin Wi-Fi, ba ta da batirin agogo, ba ta da maɓallin zaɓen inda za a tashi. Kafin a canza ranar gwaji, a girka sau ɗaya a kan laftof ta gaske, zai fi kyau tsohuwa irin wadda masu karatu ke saye ta hannu.

Matakin rubuta faifai a filashi shi ne mafi haɗari a jagorar duka, don kuskuren harafi ɗaya yana shafe faifan mutum. A sa shi ya gudanar da `lsblk` kafin ya soka filashin da bayan ya soka, ya ga wanda ya ƙaru. A rubuta `/dev/sdX` a misali, kada a rubuta `/dev/sdb`, saboda akwai wanda zai kwafa yadda yake. A faɗa ƙarara cewa na'urar gaba ɗaya ake nufi, ba yanki mai lamba a ƙarshe ba, kuma a jira `sync` ya dawo kafin a zare. Idan jagorar har yanzu tana ambaton UNetbootin, cire shi, Debian da kanta ba ta ba da shawarar amfani da shi. Mai Windows ya yi amfani da Rufus ya zaɓi yanayin DD.

Sauran abubuwan da ƙarfe ke tonawa: faifan NVMe da bai bayyana ba saboda an saita na'urar a yanayin RST na Intel maimakon AHCI, Windows mai BitLocker da ke neman maɓallin ceto bayan an taɓa saitin tashi, don haka a ce wa mutum ya kwafi maɓallin tun kafin ya fara, da tsohuwar shawarar "kashe Secure Boot", wadda tun Debian 10 ba a buƙatar ta don girkawa. Laftof mai mataccen batirin agogo tana tashi da kwanan wata na shekarun baya, apt ya ƙi ma'ajiya yana cewa `not valid yet`, kuma maganin gyara agogo ne kawai. Wanda ke Kano ko Maraɗi ya girka a gefen Windows zai iya ganin agogo ya kauce da awa ɗaya duk sa'ad da ya sauya, domin Windows tana ajiye lokacin gida a agogon na'ura, Linux kuwa ta fi son UTC. Layi biyu sun isa su bayyana wannan.

Hotuna, adireshi da rubutun allo

Hoton allo ya fi rubutu saurin tsufa kuma `grep` ba ya ganin cikinsa. A rage su zuwa inda ake iya ɓata: rabon faifai, zaɓen tebur, allon GRUB. A saka laƙabin siga a sunan kowane hoto, kamar `trixie-rabon-faifai.png`, don a gane wanda aka bari a baya. Manhajar girkawa mai hoto tana da maɓallin ɗaukar hoton allo, tana ajiye su ne a `/var/log/installer` bayan an gama.

A jagorar Hausa, rubutun maɓalli a bar shi harafi da harafi yadda yake fitowa a allo, bayaninsa ya biyo da Hausa. Idan ana da masu karatu a Nijar da ke girkawa da Faransanci a kan allon rubutu na AZERTY, nasu rubutun ma a gwada shi daban, musamman wurin kalmar sirri, inda zaɓen tsarin maɓallai da bai dace ba ke hana mutum shiga bayan an gama komai. Matakin ƙara tsarin rubutun Hausa mai ɓ, ɗ da ƙ a sake duba shi kowace siga, don wurinsa a saitin tebur yana matsawa.

Adireshi kuwa a bar wa na'ura: `linkchecker` sau ɗaya a wata. Sai dai shi mataccen adireshi kawai yake kamawa. Wanda ke buɗewa amma abin da ke cikinsa ya koma na wata siga, kamar duk adireshin da ke da `/releases/stable/`, sai ido.

Tsohuwar jagora da rahoton masu karatu

Kada a goge jagorar sigar da ta gabata. Debian tana kula da kowace siga shekara uku, ƙungiyar tallafi mai tsawo ta ƙara biyu, saboda haka akwai masu buƙatarta. A yi mata alama a git, a saka sanarwa a samanta mai nuna sabuwar. Idan wa'adinta ya ƙare aka kwashe kayanta zuwa archive.debian.org, sanarwar ta faɗi haka, domin layukan ma'ajiyar da ke cikinta za su fara dawo da kuskuren 404. Idan jagorar tana da fassara, kowace fassara ta ɗauki lambar gyaran asalin da aka yi ta daga gare shi, wadda ta yi baya da yawa a sa mata gargaɗi ko a sauke ta har a gyara.

A ƙarshen shafi a nemi abu huɗu daga duk wanda ya maƙale: sunan fayil ɗin da ya sauke, samfurin kwamfutarsa, lambar matakin da ya tsaya, da hoton saƙon kuskuren da wayarsa. Shi ya sa matakai suke buƙatar lamba. Idan mutum biyu suka maƙale a mataki ɗaya, a sake rubuta matakin ko da umarnin da ke cikinsa daidai ne. Idan kuwa an maimaita matsalar a kwamfutar gwaji mai tsabta aka ga daga manhajar girkawa take, `reportbug installation-reports` zai kai rahoton ga masu ita, tare da fayilolin `/var/log/installer`. A jagorar sai a rubuta hanyar kaucewa da lambar rahoton a gefenta, don a zagaye na gaba a duba ko an gyara a cire sakin layin.